Tamale Ta Raba Sahun Salla da Layin Zaɓe, Saura Malamanta

Ranar Asabar 7 ga Disamba 2024, mutanen Tamale suka idar da sallar asuba, suka fito daga masallatan Sakasaka da Sabonjida da Lamashegu da Zangon Hausawa, suka shiga layin zaɓe. A kan takardar ƙuri'a akwai mutum biyu da garin ya sani tun suna samari. Na farko shi ne Alhaji Mahamudu Bawumia na jam'iyyar NPP, wanda aka haifa a Tamale a 1963, ya yi firamare a Sakasaka, ya yi sakandare a cikin garin, kuma shi ne Musulmi na farko da ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun Gana biyu ta tsayar takarar shugaban ƙasa. Na biyu John Mahama ne na NDC, Bagwanje, Kirista, ko da yake mahaifiyarsa Musulma ce, shi ma a Tamale ya yi karatun sakandare.

Duk wanda ya saba da siyasar Kano ko Kaduna, da an tambaye shi, zai rantse cewa an gama lissafi tun kafin a buɗe akwati. Garin da kiran salla ke tashi daga kowace kusurwa, ga ɗan gida Musulmi yana neman kujerar da Musulmi bai taɓa hawa ba, to wa kuma za a zaɓa? Amma da aka ƙirga, Mahama ne ya cinye Tamale, 'yan takarar NDC suka kwashe kujerun majalisa na tsakiya da kudu da arewacin birnin. A ƙasa baki ɗaya Mahama ya samu kimanin kashi 56 cikin ɗari. Washegari da safe, tun hukumar zaɓe ba ta faɗi sakamako ba, Bawumia ya fito ya amince da shan kaye, ya taya abokin hamayyarsa murna.

Wannan abin yabo ne, kuma ya kamata a faɗe shi da babbar murya a ƙasar Hausa. Talakan Tamale ya auna abin da ke gabansa. Ya tuna Disamba 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, sidi, kuɗin ƙasar, ya zube, kuɗin da ke cika kwando a kasuwar Aboabo ya koma ba ya cika leda. Bawumia shi ne mataimakin shugaban ƙasa na shekara takwas, shi aka sani da shugabancin tawagar tattalin arziki, don haka mai ƙuri'a ya ɗora masa alhaki, bai ce ai ɗan'uwa ne a salla ba. A kudu kuwa an samu ɗan takara, Alan Kyerematen, da ya tsaya a taron coci ya nemi Kiristoci su zaɓi Kirista tun da su ne masu rinjaye. Jama'a suka yi masa ca, kuma ƙuri'ar da ya samu ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun ɗan haura kashi 71, Musulmi kuma sun kusa kashi 20, ba ƙaramar ni'ima ba ce a ce kiran addini bai sayo ƙuri'a ba ta kowane ɓangare.

Sai dai wanda ya tsaya a nan bai faɗi rabin labarin ba. Tamale ta daɗe tana bin NDC. Haruna Iddrisu yana riƙe da kujerar Tamale ta Kudu tun 2005. Idan aka tambayi yadda aka yi wasu unguwanni da wasu gidaje suka zama na jam'iyya kaza tun kaka da kakanni, sai a tarar addini yana ciki dumu-dumu. Bai shigo ta ƙofar Musulmi da Kirista ba, ya shigo ta tsagar da ke tsakanin Musulmi da Musulmi, kuma wannan ce tsagar da ta fi cin garin.

Musulunci da sarauta a Dagbon, ƙasar da Tamale ke cikinta, tsofaffin abokan zama ne. Tun zamanin Na Zangina, wajen shekarar 1700, malaman Wangarawa da na Hausawa suka samu wuri a fada, suna yi wa sarki addu'a, suna riƙe da limanci da sauran muƙamai, sarki kuma yana ciyar da su. Fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja ya ƙara kawo malamai, irin su Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salaga har yaƙin basasar 1892 ya tashe shi zuwa Kete-Krachi. Bikin Damba, da ake yi a watan Maulidi da kalangu da dawaki da rawar sarakuna, shaida ne na wannan tsohuwar yarjejeniya. Da Turawan Ingila suka mayar da hedikwatar yankin arewa Tamale a 1907, ƙauyen ya zama birni, malamai da 'yan kasuwa suka biyo, Zango ya cika.

A tsakiyar ƙarni na 20 abubuwa biyu suka faru kusan lokaci guda. Shehu Ibrahim Inyas ya ziyarci ƙasar a farkon shekarun 1950, Tijjaniyya ta samu sabon ƙarfi, musamman ta hannun almajiransa irin su Malam Abdullahi Maikano na Prang. A ɗaya gefen kuma wani malami Badagombe, Afa Yusuf Ajura, ya tashi a Tamale yana wa'azi da harshen Dagbani, yana sukar wasu al'adun biki da makoki, yana sukar wasu ayyukan ɗariƙa, ya kafa makarantar Anbariyya. Aka riƙa kiran mabiyansa Munchire, abin da Bahaushe zai ce munkirai. Mai karatu a Nijeriya zai gane hoton nan take, amma ya lura da cewa wa'azin Afa Ajura ya riga kafuwar Izala a Jos a 1978 da shekaru masu yawa. An yi muƙabala, an yi zage-zage, an yi jifa a wuraren wa'azi, masallatai suka rabu, aka samu gidajen da uba ba ya bin ɗansa salla.

Da saɓanin ya tsaya kan wazifa da bidi'a, da malamai sun yi ta kai ruwa rana da littattafansu, talaka ya ci gaba da nomansa. Abin da ya ɓata lamarin shi ne haɗuwarsa da wasu rigingimu biyu. Gidan sarautar Yendi ya rabu gida biyu, Abudu da Andani, kowanne yana neman hawa fatar Ya-Na, wato gadon sarautar Dagbon. Jam'iyyun siyasa kuma suna neman ƙuri'ar arewa ido rufe. Masu nazarin tarihin Dagbon sun daɗe da lura cewa layukan uku sun hau kan juna: Afa Ajura ya yi CPP ta Kwame Nkrumah, mabiyansa da yawa suka karkata ga gidan Andani, daga baya ga NDC, manyan Tijjanawa da yawa kuma suka karkata ga gidan Abudu da jam'iyyun da suka fito daga tsatson Busia, wato NPP ta yau. Ba kowa da kowa ba ne, akwai dubban mutane da ba su shiga wannan awo ba. Amma abin ya yi ƙarfin da a wasu shekaru, idan aka ga masallacin da mutum ke Juma'a, ana iya cankar sarkin da yake so da jam'iyyar da zai zaɓa.

Sakamakon ya bayyana a Maris 2002, lokacin da aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu a fadarsa ta Yendi tare da gomman mutane. Ba malamai suka haddasa kisan ba, rikicin sarauta ne. Amma ranar da Dagbon ta fi buƙatar wanda zai shiga tsakani, sai aka waiwaya aka ga kusan kowane babban malami an riga an liƙa masa tambari, ko ya so ko bai so ba. Wanda ya yi magana, sai a ce ai na gidan kaza ne. Tamale da Yendi suka yi sama da shekara biyu ƙarƙashin dokar ta-ɓaci da hana fitar dare. Ƙarshe sai da aka nemo masu sulhu daga wajen Dagbon: Asantehene Otumfuo Osei Tutu na biyu, da Nayiri na Mamprugu, da Yagbonwura na Gwanja. Kusan shekara 17 aka yi kafin a yi makokin sarakunan gidajen biyu da suka rasu, a naɗa Ya-Na Abukari na biyu a Janairu 2019. Yaron da aka haifa a shekarar kisan har ya kusa isa jefa ƙuri'a kafin ƙasarsa ta sake samun sarki a kan fata.

Wannan shi ne kuɗin da al'umma ke biya idan mumbari ya zama rumfar jam'iyya, kuma Tamale ta biya shi da jini da shekaru.

Dokar Gana ba ta yi sakaci da wannan batu ba. Tun 1954 Musulmin Zango suka kafa jam'iyyarsu ta MAP, a shekarar da aka kafa jam'iyyar mutanen arewa a Tamale. Bayan samun 'yanci a 1957, gwamnatin Nkrumah ta yi dokar hana jam'iyyun addini da na ƙabila da na yanki, ta kuma kori Alhaji Amadu Baba, jagoran Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan zuwa Nijeriya. Kundin tsarin mulki na 1992 ya riƙe wannan hanyar: sashe na 55 ya hana a gina jam'iyya kan addini ko ƙabila, sashe na 21 ya ba kowa 'yancin addininsa. Sashe na 276 kuwa ya hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya, har ya ce sarkin da ke son kujerar majalisa sai ya sauka daga gadonsa. Babu irin wannan sashe a kan limami ko fasto, kuma bai kamata a yi shi ba, domin gwamnatin da aka ba damar rufe bakin malami yau, gobe za ta rufe bakin duk mai faɗa mata gaskiya. Amma rashin dokar ya bar wata ƙofa a buɗe, kuma 'yan siyasa sun san hanyarta sarai.

Yadda ake shiga ba ɓoyayye ba ne. Azumi ya kama, motoci su fara zagaya gidajen malamai da buhunan shinkafa da sukari da katan-katan na madara, da mai ɗaukar hoto a biye. Mauludi ko rufe tafsiri ya zo, ɗan takara ya zauna a sahun gaba, a sanar da gudummawarsa ta lasifika, a yi masa doguwar addu'a da sunansa da sunan kujerar da yake nema. Sai kuma babbar kyauta, kujerar Makka. Kyauta ga malami ba laifi ba ce, al'ada ce mai kyau da ta girmi jam'iyyu. Laifin yana wurin da kyautar ta zo da igiya. Malamin da ya hau jirgi da kujerar jam'iyya a bana, da wane baki zai tambayi mai jam'iyyar ina aka kai kuɗin rijiya a baɗi?

Aikin Hajji kansa ya zama dandalin yaƙin neman zaɓe. A Agusta 2016, 'yan watanni kafin zaɓe, aka fara tashin alhazai kai tsaye daga filin jirgin Tamale, abin da ya hutar da tsofaffi daga doguwar tafiya zuwa Akra da kwana a sansani. A 2017 gwamnatin NPP ta buɗe ma'aikatar raya Zango da asusun raya Zango, ma'aikatar ta yi wa'adi ɗaya aka rufe ta. A 2024 kujerar Hajji ta kai sidi 75,000. Mahama ya yi alkawarin ragewa, a 2025 ta sauko 62,000, aka kuma ƙara wa Musulmi ranar hutu guda bayan ƙaramar salla. Duk waɗannan an ji daɗinsu, kuma ba wanda zai ce a mayar. Amma a duba da kyau abin da jam'iyyun biyu suka ɗauka shi ne buƙatar Musulmi: jirgi, hutu, shinkafa. Mutum nawa ne a Tamale ke da sidi dubu sittin na zuwa Makka? Ruwan sha kuwa kowa na buƙatarsa, har wanda zai yi alwala.

Ga shi Tamale, birnin da ke cikin masu saurin girma a ƙasar, har yanzu tana dogara da matatar Dalun da ta yi mata kaɗan tun tuni. Da rani mata da yara ke yawo da jarkoki masu ruwan ɗorawa, wasu unguwanni su yi makonni famfo bai ɗiga ba, a koma ruwan dam da dabbobi ke sha. A 2020 aka yi bikin ɗora harsashin babban aikin jawo ruwa daga Yapei. Aka yi zaɓen 2020, aka yi na 2024, ruwan bai iso ba. 'Yan matan ƙauyukan Dagbon suna ta kwarara Akra da Kumasi yin dako a kasuwa, ana kiransu kayaye, suna kwana a bakin shaguna. Ƙwayar tiramol da 'yan'uwanta sun kama samari har sai da mutanen gari suka kafa 'yan sa-kai suna farautar dillalai. Rumfunan matasa da aka shafe da launin jam'iyyu suna nan a bakin tituna, kuma daga irinsu ne ƙungiyoyin banga kamar Azorka da Kandahar suka yi suna kafin dokar 2019 ta haramta bangar siyasa. Waɗannan su ne batutuwan da suka cancanci huɗubar Juma'a, da sunan aiki da ranar da aka yi alkawarinsa. Limamin da ya yi haka bai shiga siyasar jam'iyya ba, ya yi umarni da kyakkyawa ne a inda ya fi amfani.

Don haka masu cewa a kori addini daga harkar jama'a gaba ɗaya ba su san Tamale ba. A garin da malami ke raɗa suna, ya ɗaura aure, ya raba gado, ya sasanta maƙwabta, ya sallaci gawa, babu yadda za a ce ya yi shiru kan yadda ake mulkin mutanen nan. Tarihin garin ma ya nuna alherin da ke fitowa idan malamai suka fuskanci gwamnati da buƙatar jama'a maimakon tasu. Iyayen da suka ƙi kai 'ya'yansu makarantar mishan don tsoron a canza musu addini sun samu mafita lokacin da makarantu irin su Anbariyya da Nuriyya suka yarda aka haɗa Larabci da boko, gwamnati ta turo malamai tana biyansu, har aka kafa sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi ta ƙasa a 1987. Daga waɗannan azuzuwan aka samu likitoci da lauyoyi da malaman jami'ar da aka kafa a Tamale a 1992. Wannan ciniki ne da ya amfani jikoki, ba buhun da ke ƙarewa kafin salla ba.

Akwai kuma misalin Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, jinin Hausawa, wanda ke kan muƙamin tun 1993. Shugabanni na NDC da na NPP sun zo sun wuce, kowanne ya durƙusa a gabansa, ba wanda ya iya cewa nasa ne shi kaɗai. A Afrilu 2019, yana cika shekara 100, ya taka zuwa cocin Katolika na Christ the King a Akra ranar Ista, ya zauna aka gama taro. Wasu sun soke shi, amma da rikici ya taso tsakanin matasan Musulmi da wani mai wa'azin coci, ko tsakanin Zango da masu gari, maganarsa ake jira, kuma idan ya ce a mayar da wuƙa kube ana mayarwa. Darajar ta samu ne domin bai sayar da ita ba. Tamale na da irin wannan gado a nata ɓangaren: cocin Katolika na garin, tun zamanin Akbishop Peter Dery, ya zauna da Musulmi lafiya, kuma 'ya'yan Musulmi da yawa sun yi karatu a makarantunsa.

Ba a ce Kiristocin kudu sun tsira daga wannan cuta ba. Tsohon shugaba Akufo-Addo ya yi wa Ubangiji alkawarin gina babbar majami'ar ƙasa idan ya ci zaɓe, aka kashe kimanin dala miliyan 58 na baitulmali, abin da ake gani a wurin har ya sauka rami ne. Kotun Ƙoli ta yanke a 2019 cewa tallafa wa majami'ar da tallafa wa aikin Hajji duk ba su saɓa wa tsarin mulki ba. Hukuncin ya halatta abin, amma bai mayar da shi hikima ba. Ya kamata Musulmin da ya yi fushi da ramin Akra ya yarda a binciki kujerun Makka da ake rabawa 'yan jam'iyya, kamar yadda ya kamata Kiristan da ke ƙorafin kuɗin Hajji ya yarda cewa hana ɗaliba Musulma azumi, irin abin da ya faru a makarantar 'yan mata ta Wesley a Cape Coast a 2021, zalunci ne a makarantar da gwamnati ke biyan albashin malamanta.

Wani abu ya faru a 2025 da ya nuna garin na iya wuce tsohon rabuwar. A ranar 6 ga Agusta jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi da mutum takwas, cikinsu har da ɗan majalisar Tamale ta Tsakiya, Ibrahim Murtala Muhammed, Allah ya jiƙansa. Aka yi zaman makoki ba a tambayi ɗariƙar kowa ba, NPP kuma ta ce ba za ta tsayar da ɗan takara a zaɓen cike gurbin ba. Irin wannan kunya da sanin ya-kamata ake so ta zama ɗabi'ar kullum, ba sai an yi rashi ba. Kuma lokaci bai ba da damar jinkiri ba, domin iyakar Burkina Faso tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Tamale, kuma masu ɗauke da bindiga da sunan addini a can suna neman irin garin da matasansa ba su da aiki, malamansa kuma ba sa ga-maciji da juna.

Zaɓe na gaba yana ƙarshen 2028, motocin shinkafa kuwa za su fara yawo tun kafin nan. Kira a nan ga limaman Tamale ne, na Babban Masallaci da na Anbariyya da na Masjidul Bayan da na ƙananan masallatan unguwa, da shugabannin coci-coci na garin. Su zauna tun yanzu, ba tare da jiran doka ba, su ɗaura wa kansu abin da tsarin mulki ya ɗaura wa sarakuna: kada a ɗaga hannun ɗan takara a kan mumbari, kada a karɓi kujerar Makka daga jam'iyya, duk gudummawar da aka kawo wa masallaci a sanar da ita ga jama'a a shigar da ita asusu. Ɗan siyasar da ya zo neman addu'a a yi masa, domin addu'a ba a hana kowa. Idan an shafa, kafin ya tashi, a tambaye shi a gaban jama'a ranar da ruwan Yapei zai iso Tamale.